Katin da Ban Iya Karantawa Ba

Litinin, 7 ga Mayu, 2001
An sallamo ni. Ƙafar dama cikin filasta tun daga gwiwa, saboda akuya ɗaya da ta gitta wa babur ɗina a hanyar Jahun. Kwana huɗu a kan katifa mai zarnin fitsarin wani. Tir.

Likita ya cika min kati da tsutsar rubutu, ko ɗago kai bai yi ba. POP. NWB 6/52. PCM tds. TCA 2/52. Na tambayi nas ma'anarsu, ta ce, "Baba, ai ba kai aka rubuta wa ba." Baba! Shekara ashirin ina koyar da Turanci a sakandare. Katina, ƙafata, amma wai ba ni aka rubuta wa ba.

Laraba, 9 ga Mayu
Ɗan'inna, ƙanen matata Iyatu, ya zo dubiya daga Ringim. Ya ce a nemi wanda zai fassara katin. Iyatu ta yi dariya. "Malam ne zai nemi mai fassara? Rabin unguwar nan ta Yalwawa shi ke karanta musu wasiƙa."

Na ce ai na gane komai. Me zan ce?

Juma'a, 11 ga Mayu
PCM farasitamol ne, yana jikin kwalin. Mai ba da magani ya ja layi uku, wato tds sau uku a rana. POP filastar ce. Lambobin nan kuwa na fayil ne, ba ruwana.

NWB ta cinye min kwana biyu. Yau na warware ta: no water bath. Kar ruwa ya taɓa filasta. Abin da jimla ɗaya za ta faɗa sai an ɓoye shi kamar laya.

Na je masallaci da sanda. Ina ɗan takawa, da zafi amma da sauƙi.

Juma'a, 18 ga Mayu
Zafin gari, gumi, ƙaiƙayi. Ina zura tsinken tsintsiya ina sosawa. Wani tsami ke tasowa daga ciki, ni kaina ina kau da hanci. Iyatu na ɗaure ƙafar da leda kafin wanka, tana cewa umarnin likita ne.

Yatsun sun kumbura. Na ƙara yawan takawa don jini ya zagaya.

Litinin, 28 ga Mayu
Ciwo ya kai mu asibiti. An ɗauki hoto. Ƙashin ya goce.

"Wa ya ce ka taka ta?" Haka likitan ya yi min, a gaban Iyatu. Ya ɗora biro a kan katin. NWB: kar a ɗora wa ƙafar nauyi ko kaɗan. 6/52: mako shida, cikin hamsin da biyu na shekara. TCA 2/52: a dawo bayan mako biyu. Tun Litinin ɗin da ta wuce ya kamata in zo.

Na ce ba wanda ya gaya min. Ya ce, "Ga shi a rubuce."

Da muka isa gida Iyatu ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo ruwa. Gara ma ta yi faɗa.

Talata, 29 ga Mayu
Sun sake gyara ƙashin. Na yi ihu, ɗakin cike da ɗalibai 'yan koyo.

Alhamis, 14 ga Yuni
A rediyo shari'a, shari'a. Da ni ne alƙali, da masu wannan rubutun zan fara.

Ledojin wankan nan har yau suna rataye a ƙusa. Ban iya kallonsu.

Litinin, 16 ga Yuli
An yanke filasta. Ƙafar ta tsotse, fata na saɓulewa kamar ta maciji, ga wari. An tura ni ɗakin gashin ƙashi, wajen wani Malam Tasi'u. Sabon kati, sababbin haruffa.

Shi dai ya zauna. Ya ce PWB rabin nauyi ne, sauran a kan sanduna. ROM iyakar lanƙwasuwar gaɓa. "Malam, an gane?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "To a maimaita min."

Na kasa ta biyun. Ya sake faɗa, bai yi dariya ba. Na ji haushinsa duk da haka.

Alhamis, 26 ga Yuli
Ɗingishin ba zai tafi duka ba. Malam Tasi'u ya faɗa min kai tsaye. Mako ukun da na yi ina takawa ne.

A benci wani dattijo makiyayi, Malam Idirisu, saniya ta take masa ƙafa, ya ga tabarau a idona ya miƙo min katinsa. Uku na sani, na faɗa masa: bd safe da yamma, kar ya taka, ya dawo bayan mako. Ta huɗun ban taɓa gani ba. Har wata fassara ta zo min baki, mai kyau kuwa.

Na ce, "Baffa, wannan ban sani ba."

Na ɗauki sanduna, muka je muka ƙwanƙwasa ƙofa. Nas ta yi tsaki. Na tsaya har ta faɗa, na sa ta maimaita.

Asibitin nan har yanzu wari yake. Litinin zan je da biro, duk harafin da aka fassara in rubuta.