Na Hana Mai Gadin Ordinata Kallon Surukina

Inna Binta, ki taimake ni, na jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina, kuma kwana shida suka rage mini.

Ina aiki a wani asibitin mishan a ƙasar Adar, ba zan faɗi wanne ba. Asalina sakatare ne, amma tun ranar da na ciro wa likita disket ɗin da ya maƙale aka naɗa ni masanin ordinata, wato kwamfuta. Injuna bakwai gare mu, duk waya ɗaya ta haɗa su. A cikinsu akwai sunayen marasa lafiya da sakamakon gwajin jininsu, har na makiyayan da ke tasowa tun daga Keita don sun san asirinsu a rufe yake wurinmu.

Watan jiya wani injiniya ya zo daga Yamai saboda tsoron nan na cewa injuna za su rikice da shigowar shekara dubu biyu. Ya bar mini wani shiri da ya kira mai gadi: yana sauraron duk abin da ke bi ta cikin wayar, in ya ji baƙon motsi ya buga gargaɗi a takarda. Saitawa ce aikina. In gaya masa injunan gida, in ba kowane suna. Akwai kuma layin amintattu, duk injin da aka sa ciki mai gadi ba ya ko kallonsa. Sau biyu injiniya ya ja mini kunne in bar layin nan fanko.

Na ba kowane inji sunan mai shi, har na iso kan na babban biro, wato babban ofis. Inna, mai shi surukina ne, uban matata Esther, dattijon ikilisiya. Shekara tara ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci gabansa ba. Da yatsa ɗaya na rubuta sunan, ina waiwaye. To kuma in sa masa ɗan rahoto? Zuciyata ta ƙi, na jefa shi cikin amintattu.

Ga inda ta ɓaci. Injinsa kaɗai ke da modem, akwatin nan mai kiran Yamai ta tarho ya kawo wasiƙu. Baba kuwa duk wasiƙar da ta zo sai ya buɗe ta, wai rashin tarbiyya ne a bar baƙo tsaye a ƙofa. Kalmar sirrinsa “amin” ce, ya kuma rubuta ta da alli a bango don kada ya manta.

Yanzu mai gadi ya tasa Hulda, nas ɗinmu, a gaba. Gargaɗi sittin a yini, don kawai tana buga takardun magani, har ta daina amsa gaisuwata. Ranar Litinin da rana tsaka, Baba yana wurin taron addu'a, na ji modem yana kira shi kaɗai. Na duba, na tarar da kundin gwajin jini kwance cikin injinsa, alhali Baba bai san yadda ake kwafa ba. Mai gadi bai ce uffan ba.

In na fitar da shi daga layin, kowace safiya takarda za ta tafi teburin babban likita da sunan surukina da kalmar “abin zargi” a gefe. Esther ta ce ranar da aka karanta sunan ubanta haka, ranar za ta shiga motar Buza ta koma garinsu. Injiniya kuma ranar Alhamis zai dawo. Tsoro nake ji, kunya kuma ta fi tsoron. Mi zan yi?

Suruki Mai Ladabi, daga hanyar Madawa

Amsa

Ɗana, na yi dariya har mayafina ya zame, daga baya na daina, don batun ba na dariya ba ne duka.

Kunyar suruki abu ne mai kyau, kuma Esther ba ta yi laifi ba da take kishin sunan mahaifinta. Sai dai kai ka ɗauki mai gadi, ka zaunar da shi gindin taga, ka ce kada ya kuskura ya dubi ƙofa ɗaya tak da ke fita titi. Na tambayi Alƙasim mai gyara mana injuna a nan jarida, sai ya riƙe kai.

Yau ɗin nan ka zare wayar tarho daga modem. Waya ba surukarka ba ce, ba sai ka durƙusa ba. Sannan ka share layin amintattu kakaf, ka sake wa injuna suna da ɗakunansu: farmasi, labo na gwajin jini, babban biro. In takarda ta zargi ɗaki ba mutum ba, sai Esther ta kwance kayanta. Hulda kuwa, ka nuna wa mai gadi buga takardun magani aikinta ne na kullum, ka kuma ba ta haƙuri. Alƙasim ya ce makonnin farko dama surutu yake yi, da kaɗan kaɗan ake koya masa halin gida.

Baba kada ka tunkare shi da kanka, kada kuma ka tura 'yarsa. Ka nemi dattijo tsaransa ya gaya masa gaskiya: wani ne ya shigo ta injinsa, ba shi ake zargi ba. A goge allin nan, a sake kalma. Na san irinsu, zai fi jin zafin an ɓoye masa.

Abu mai ɗaci na bar maka ƙarshe. Ka je wurin babban likita tun kafin Alhamis ka faɗi abin da ka yi da bakinka, don a gano ko kundin nan ya fita. Wataƙila a yi maka faɗa, wataƙila a mayar da kai sakatare. Ka ɗauka. Matar da ta taso daga rugarta ta miƙa hannu aka ɗebi jininta ba ta san surukinka ba, kai ta ba amana, kuma ita ya kamata ka fi jin kunya.

Allah ya rufa asirinta, ya rufa naka, ya bar ka da Esther lafiya.

Inna Binta