Abba, Ni Ce Mai Tambayar Barewa

Zuwa ga Abbana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya. Ya sanyin Kanada? Mu nan Sri Petaling a Malesiya sai ruwan sama, kullum da la'asar.

Abba, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Mami. Yarinyar nan da ke damunka da tambaya a ƙarƙashin bidiyoyinka na farauta, mai hoton jan fure, ni ce. Sunan da na sa ma a littafin soyayya na ara.

Tun da kuka rabu da Mami ka tafi, in ka kira sai harshena ya yi nauyi. Ka ce ya makaranta, in ce lafiya. Ka ce me nake so, in ce babu. Ba fushi ba ne, wallahi. Ko kuma fushin ne, ni ma ban sani ba.

Wata rana a cikin jirgin ƙasa na LRT na ci karo da shafinka. Ga ka cikin ƙatuwar riga ruwan lemo, gemunka ya yi fari fat, kana bin tsohon maƙwabcinka a daji. Ka durƙusa kana nuna sawu, kana bayani da Hausa, kana dariya. Ban san kana da irin wannan dariyar ba. Har na wuce tashata.

Tambayata ta farko ta wauta ce, wai barewa ba ta jin sanyi? Amma ka zauna ka amsa min tiryan-tiryan. Ka ce kafin dusar ƙanƙara ta sauko da ƙarfi, barewa kan ji a jikinta, ta kasa zama, ta yi ta yawon kiwo, lokacin ne mafarauci ke dacewa. In ƙanƙarar ta kece da iska, sai bareyin su shige gindin itatuwa masu duhuwa su kwanta, ba motsi. In ta yi zurfi, sai su jeru suna taka sawun juna, don sabon taku ƙarfi yake ci. In kuma samanta ya daskare, takunka ƙaras-ƙaras yake, tun daga nesa sun arce.

Na haddace duka, ni da ban san ƙanƙara ba sai ta cikin kofin shayi a shagon abinci na mamak. Ƙawata ta kama ni ina yi wa waya murmushi, ta ce lallai saurayi ne. Na ƙyale ta.

Ranar da ka harbi wani namijin barewa mai manyan ƙahoni, na kife wayar, na yini ba na son ka. Washegari na dawo da sabuwar tambaya.

Sai makon jiya ka rubuto min: "Allah ya yi miki albarka. Ina da 'ya kamarki a Malesiya, amma ita ba ta son surutuna."

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In fita baranda, in dawo, in buɗe littafi, in rufe. Ina son surutunka, Abba. Tsorona in ka gane ni ce, ka ji nauyi, ka daina sakin jiki, mu koma ya makaranta. Da a littafi ne, da tuni an rungume juna a filin jirgi, sai dai marubutan ba sa faɗin abin da ake cewa washegari. Ni dai ka kira. Ko na yi shiru, ka ci gaba.

Baffa Nura, abokinka na Wangsa Maju, ya zo mana sallama, jibi zai taso wajenku. Ya tambaye ni ko da saƙo, na sunkuyar da kai na ce a gaishe ka. Yana falo yanzu, Mami ta ce sai ya ci abinci.

Allah ya tsare min kai a dajin nan, ya kare ka daga sanyi da kuskuren bindiga. Ni kuma ya buɗe min baki. Amin.

Na ji Baffa yana neman takalminsa. Ba zan maimaita karantawa ba, in na karanta yagawa zan yi. Zan sa masa wasiƙar nan a hannu a gaban Mami, in ya so ta tambaye ni.

'Yarka,
Hanifa