Sunan Shigeharu a Kan Layin Waya

Malama Fusako, ki taimake ni da shawara. Abin nan ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi, kuma duk wanda na gaya wa a garin nan, kafin la'asar ya kai kunnen matan gidan wanka. Karatuna bai yi nisa ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Mijina Shigeharu shekara talatin da takwas ya yi yana hawa falwaya a tsohon kamfanin waya. Wayar da ta shigo kwarinmu, shi da mutum huɗu suka ja ta, cikin dusar ƙanƙara har ƙugu. Nakan tsokane shi in ce biri na aura, shi kuma ya ce ai birin ne ya sa nake jin muryar uwata duk Lahadi. Shekara shida ke nan da rasuwarsa.

Bara jikata Kanae ta baro birnin Sendai ta dawo wurina. Zanen littattafan yara take yi a kwamfuta tana turawa birni. Ko shinkafa ba ta iya dafawa ba, amma ita ke share mini ƙanƙarar ƙofa, kuma ita nake samu in yi wa faɗa. In tana tura aiki, tarhon gida a toshe yake awa biyu, wani sa'in ma aikin ya katse a tsakiya. Masu ba ta aikin sun ce ko ta samu intanet mai sauri kafin bazara, ko ta koma birni.

To ga shi hukuma ta ce dole tsohon kamfani ya bar sababbin kamfanoni su bi ta kan wayarsa. Kanae ta dawo daga tashar jirgi da wani ɗan akwatin intanet a jaka, wai samarin sabon kamfani ke rabawa kamar alewa. Na ce mata mutanen da ko tsani ba su taɓa hawa ba, su ne za su hau wayar kakanta? Ta ce haya suke biya, ba sata ba. Na yi ta mita, amma na buga hatimina a fom ɗin neman a haɗa mana.

Makon jiya aka dawo da fom, wai sunan da muka rubuta ba na mai layin ba ne. Kanae ta ɗauka shirmensu ne, tana shirin kiran ofis ta wanke su tas. Malama, ba su yi kuskure ba. Ni ce ban taɓa gaya wa kamfanin Shigeharu ya mutu ba. Takardun gida da na gona duk na sauya, wannan kaɗai na bari. Duk shekara in sabon littafin lambobin waya ya zo, sai in sa tabarau in nemo shi, in same shi a shafinsa yana nan daram, in kai littafin gaban hotonsa tare da shinkafa da shayin da nake ajiye masa kowace safiya bisa al'adarmu. Masu talla in sun kira suna nemansa, ce musu nake ya fita aiki. Wani har saƙo ya ba ni in ba shi.

Maƙwabciyata ta ce in rubuta sunansa in buga tsohon hatiminsa, wa zai sani? Sau biyu ina ɗauko hatimin ina mayarwa. In na sauya sunan, na fitar da shi daga wuri na ƙarshe da ake lissafa shi cikin rayayyu, kuma don baƙi su shigo. In na ƙi, Kanae za ta tafi, gidan ya koma shiru. Yaya zan yi?

Matar Mai Hawa Falwaya, Yamagata

*

Mama, na yi dariya wurin mai tallan nan, daga nan kuma dariyar ta ɗauke.

Mu fara da hatimi: ki bar shi inda yake. Mutumin da ya yi aikinsa da gaskiya bai kamata a sa shi ƙarya bayan ransa ba.

Kishinki yana da tushe. Abokan aikinsa da yawa haka suke ji: mai wahalar ja daban, mai shigowa a gama daban, kuma in ƙanƙara ta tsinke waya, irin su mijinki ne dai za su hau. Amma ki duba ɗaya gefen. Babu kamfanin da zai sake jan sabuwar waya zuwa kwarinku. In ba a raba wadda take nan ba, mai ita kaɗai zai yanke farashi da ranar da zai waiwaye ku, irin su Kanae kuwa ba za su jira ba. Wayar tana nan a hannun tsohon kamfani, lambarki ba za ta canza ba, kuma za ki yi hirarki ita tana tura aikinta a lokaci guda. In sababbin ne ba kya so, tsohon ma yana sayar da irin wannan intanet ɗin, sai dai shi ma sunan mai rai zai nema.

Ki gaya wa Kanae yau, kafin ta zazzage wa wata baiwar Allah a ofis da ba ta ji ba ba ta gani ba. Ku je tare da takardar shaidar rasuwa, a mayar da layin sunanki a matsayin gado. Ba ke ce ta farko da ta je musu da irin wannan ba. Ki tambaya ko za su bar sunansa a littafin. In sun ƙi, ki ajiye na bana kusa da hotonsa.

Shigeharu bai shiga ƙanƙara har ƙugu don a buga sunansa ba. Da bakinsa ya gaya miki dalili: don wadda ke nesa da gida ta samu gida. Ke ya ba ki muryar uwarki duk Lahadi. Ki bari ya ba ki jikarki kullum.

Ina miki fatan lafiya da bazara mai daɗi. Ki koya wa yarinyar nan dafa shinkafa, tunda zama za ta yi.

Fusako