Tsagewar da Ta Cika Mini Gida

Ƙofar Atiku, Sakkwato

Zuwa ga ɗana Bello,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hauwa da jikokina. Yaya Ikko, yaya aiki?

Kada ka firgita. Ɗaya daga cikin baburan nan da suka cika gari tun ƙarin albashi ya buge ni a gwiwa. Maɗori ya ce targaɗe ne, zai murza, amma Liman ya kai ni asibiti. Tsorona ɗaya, kada in kasa durƙusawa a salla.

Hoton ƙashi na farko da aka ɗauka bai nuna komai ba. Da likita ya zuƙe jinin gwiwar, ya ga maiƙo a samansa, sai ya ce, "Baba, wannan ɓargo ne, akwai karaya." Aka karkata ƙafar, aka sake ɗauka. Ga tsagewa a kan ƙashin ƙwauri, gefen waje, inda gwiwa take zama. Ya ce wani ƙashin tsagewa yake, wani lotsawa, wani duka biyun. Nawa bai lotsa ba, babu tiyata. Likitan ya ce, "Za ka yi sujada, in sha Allahu."

Tun rasuwar mahaifiyarka zaurena bai cika haka ba. Kowa ya zo dubiya sai ya ɗaga hoton a rana, Liman yana nuna tsagewar kamar shi ne likitan.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida kawunka. Kai kaɗai ne ba ka ga hoton ba, kuma ba zan aiko da shi ta gidan waya ba.

Mahaifinka,
Umaru