Dutsen da Ke Bayan Katanga

Gonar Le Vigan, Franschhoek
9 ga Fabrairu, 1988

Zuwa ga Yayata Hendrina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Yaya gwiwar? In har yanzu kina shafa man nan na maƙwabciyarki, ki daina, wari kawai yake ƙara miki. Mu nan lafiya lau, ana ta tsinkar inabi, zafi kuwa ba a magana.

Bayan gaisuwa, kin san a watan Afrilu za a yi bikin cika shekara ɗari uku da saukar kakanmu Etienne Barral, wanda ya gudo daga Faransa saboda addininsa. Ƙanenmu Stefaans, da yake gona tasa ce kuma shi ne dattijon coci, ya naɗa kansa shugaban biki. Ya ba ni aikin rubuta jerin zuriya a babbar takarda da za a rataye. Ya ce, "Setta, rubutunki ya fi na kowa kyau, kwafa kawai za ki yi daga littafin da Kawu Izak ya buga." Ni, kwafa! Shekara talatin da takwas ina koyarwa, ina jan kunnen yara a kan kwafar aikin wani.

Sai na buɗe akwatin Baba na ɗauko tsohon Littafi Mai Tsarki, wanda ake rubuta haihuwa da mutuwa a shafinsa na farko. Yaya, littafin Kawu Izak ya ce Marguerite, Bafaranshiyar da Etienne ya zo da ita, ita ce uwar 'ya'yansa maza huɗu. Amma Etienne da hannunsa ya rubuta cewa Marguerite ta rasu a 1691, ɗansa na fari kuwa an haife shi a 1694. Kawu Izak bai sa shekarar rasuwarta ba. Na san Faransawa da ƙoƙari, amma ban taɓa jin wadda ta haihu shekara uku bayan an binne ta ba.

To wace ce uwarsu? Ki tuna yadda muke raɗa suna: 'ya mace ta fari tana cin sunan kakarta ta wajen uwa, ta biyu tana cin sunan kakarta ta wajen uba. Haka kika zama Hendrina, na zama Rosetta. Na bi 'ya'yan Etienne ɗaya bayan ɗaya. Duk su huɗun, 'yar kowa ta biyu sunanta Rosetta. Babu Marguerite ko ɗaya. A jirgin da ya kawo su kuma babu wata Rosetta.

Na aiko miki da kwalba biyu na ɓauren da na dafa da sukari. Ki ci, kada ki ɓoye wa baƙi.

Taki ƙanwa,
Setta

Le Vigan
1 ga Maris, 1988

Yaya Hendrina,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Wasiƙarki ta iso, na karanta inda kika ce in rufe littafin in rufa mana asiri. Ai ban ma faɗa miki asirin ba tukuna.

Ranar Asabar aka yi shafen farar ƙasa a katangar maƙabartar danginmu da ke gona, kamar kowace shekara. Kin san Mieta Fortuin, wadda ta yi wa Mama wanki, ta yi wa matar Stefaans. Yanzu ta kai shekara saba'in da biyar. In an gama shafe, takan ɗauki sauran farar ƙasar da ke gindin bokiti ta zagaya bayan katanga ta shafa wa wani dutse marar rubutu. Tun muna yara muke ganin uwarta tana yin haka, ba mu taɓa tambaya ba. Wa ke tambayar mai wanki?

Na bi ta na ce, "Mieta, kabarin wa ne wannan?"

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Uwar ɗakina, ai kakarmu Rosetta ce. Baiwa ce, daga Bengal, can hayin teku, aka kawo ta da 'yarta a goye. Mu jikokin 'yar ne. Maza huɗun da ta haifa wa tsohon Bafaranshe, su ne ku."

Na ce, "Kin sani duk shekarun nan, ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "Kowa a gidajen ma'aikata ya sani. Ku ne masu littafi, mun zaci kuna karantawa."

Yaya, kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na shiga ciki na auna da sandata. Kabarin Etienne yana manne da katanga ta ciki, dutsen Rosetta yana manne da ita ta waje. Gefe da gefe aka binne su. Katangar ce ta zo daga baya, wani jikansu ya ratsa da ita tsakaninsu. Shi ya sa kusurwar nan take karkace, ba laifin magini ba ne kamar yadda Baba yake cewa.

Ga kuma babbar magana. Stefaans ya yi hayar katafila za ta baje duk filin da ke bayan katanga, don baƙi su sami wurin ajiye motoci. Na kai masa Littafin har teburinsa. Ya karanta, ya sake karantawa, fuskarsa ta yi ja. Ya ce, "Kin haukace? A ƙasar nan, da dokar wariyar launin fata? So kike a canja wa jikokina katin shaida, a cire su daga cikin farar fata?" Na ce ba ni na haifi kakansa ba, ya je ya yi faɗa da Etienne. Ya ce duwatsu ne kawai, ranar sha huɗu ga wata katafila za ta zo. Ya karɓe takardar zuriya daga hannuna ya ba wa matarsa ta ƙarasa.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma na ji tsoro. Amma sunan matar nan nake amsawa shekara sittin da takwas. Ba za a ajiye mota a kanta ba ina raye.

Taki,
Setta

Le Vigan
16 ga Maris, 1988

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san Stefaans ya riga ni buga miki waya, to ga tawa.

Eh, gaskiya ne. Na ɗauki gudumar Baba na rushe katanga. Ba duka ba, taku uku kawai, daidai tsakanin kaburbura biyun. Tubalin laka ne a ciki, farar ƙasa ce kawai ta sa take kama da abin kirki. Kwana biyu na yi, da rana tsaka, kowa yana gani. Ma'aikata ba su taɓa gudumar ba, ni na hana su, don kada a kori kowa saboda ni. Mieta dai ta zauna a inuwa tana ba ni ruwa tana cewa, "Ƙasa-ƙasa za ki buga, uwar ɗakina, ke ko sara itace ba ki iya ba."

Da ƙura ta lafa, na ga abin da ya sa ni zama a ƙasa. Duwatsun biyu iri ɗaya ne, tsayi ɗaya, daga dutse guda aka tsaga su. Nasa ne kawai ke da rubutu.

Ranar Litinin mai katafila ya zo. Ya duba, ya cire hularsa, ya ce shi an ce masa fili ne, ba a ce masa miji da mata ba ne. Ya juya injinsa ya tafi.

Stefaans ya zo yana huci. Ya ce bayan biki zai kawo wata katafilar, ya kuma mayar da katanga. Na ce in ya gina zan rushe, ni ba ni da aikin yi, shi yana da inabi. Ya ce, "To ki sani, ba za a binne ki a ciki ba!" Na ce, "Cikin ina, Stefaans? Duba da kyau, yanzu babu ciki babu waje."

Ranar Lahadi ba wanda ya zauna kusa da ni a coci. Na baje jakata da hulata, na sha iska. Tafin hannuna duk ya yi bororo, shi ya sa rubutun ya lalace.

Ƙanwarki,
Setta

Le Vigan
19 ga Afrilu, 1988

Zuwa ga Yaya Hendrina,

Ina gaishe ki ƙwarai, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce gwiwa ce ta hana ki zuwa biki. Na yarda, tunda ke babba ce.

Mutum ya kai ɗari huɗu. Stefaans ya sa an jera tukwanen furanni a bakin giɓin katanga, wai gyara ake yi. Aka rataye takardar zuriya da Marguerite a samanta, uwar kowa.

Kin san abin da ake yi a taron dangi kafin a ci abinci: a kira sunayen kakanni, duk mai sunan ya miƙe a tafa masa. Aka kira Etienne, maza kusan talatin suka tashi, har da jarirai da aka ɗaga sama. Sai Stefaans ya kira Marguerite. Yaya, ba wadda ta tashi. Ya sake kira. Mutum ɗari huɗu, shekara ɗari uku, babu mace ɗaya da ta ci sunan. Shi kansa bai taɓa lura ba, na ga haka a fuskarsa.

Ban shirya ba, sai na ji na miƙe. Da muryar da nake koyarwa a aji na ce, "Duk mai suna Rosetta ta tashi!" Kujeru suka fara ƙara. Tsofaffi da 'yan mata, daga Paarl, daga Transvaal, har da wata daga Windhoek. Na ƙirga ashirin da uku, jikarki 'yar wajen ɗanki Danie, wadda aka raɗa wa sunana, tana cikinsu. Can bayan rumfa, cikin masu raba abinci, jikar Mieta ta ajiye farantin da ke hannunta ta tsaya ƙyam. Ita ma Rosetta ce.

Na ce musu, "Mai sunan tana bayan tukwanen can. Wadda take son gaishe ta, ta biyo ni." Ba zan yi miki ƙarya ba, wasu sun zauna da suka gane, wani ma ya fizgo matarsa. Goma sha ɗaya ne suka biyo ni. Muka kawar da tukwane. Mieta ta ba su labarin da bakinta, sai ta juyo ta ce, "Setta, riƙe mini sandata." Haka kawai, Setta, ba uwar ɗakina ba, a gaban kowa. Na riƙe, hawaye suna zubo mini.

Stefaans bai yi mini magana ba tun ranar. Amma jiya magini ya zo, na leƙa ta taga da guduma a hannuna. Stefaans ya daɗe tsaye a kan duwatsun biyu, sannan ya ce wa maginin ya zagaye da katangar ta bayan dutsen Rosetta, ya sa shi ciki. Ya ɗaga murya don in ji, wai saboda karnuka ne kawai. Ban yi masa godiya ba.

Yau da safe Mieta ta ja ni cikin ciyawar da ke gaba da sabon harsashin. Akwai wasu duwatsun guda tara marasa rubutu, ta san sunan kowa. Cikinsu har da 'yar da Rosetta ta zo da ita a goye, yayar kakanninmu. Sabuwar katanga za ta raba ta da uwarta.

Ki gaida jikarki, ki faɗa mata ta yi kyau da ta miƙe. Ki kuma aiko mini da man nan mai wari. Kafaɗata nake so ta warke kafin magini ya gama, akwai aikin guduma a gabana.

Taki har kullum,
Rosetta Barral