Babi Na Goma Sha Ɗaya da Ragon Walima

Sashen Kimiyyar Amfanin Gona,
Jami'ar Noma ta Tudun Gawo,
Hanyar Makoda, Jihar Kano.
9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga:
Farfesa Khalilu Jaji,
Shugaban Kwamitin Ƙarin Girman Malamai.

Ta hannun:
Dakta Mika'ilu Sabo, Shugaban Sashe.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: BABINA DA YA MAƘALE A LITTAFIN BANKWANANKA, DA KUMA RAGON DA KE GIDANA

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri, ni Iliyasu Nababa, malami a wannan sashe kuma tsohon ɗalibinka, ina gabatar da kokena kamar haka.

1. A watan Maris na 2021 na kammala bincike kan adana wake ba tare da maganin ƙwari ba. Damina uku na yi ina bin manoman Makoda da Zakirai rumbu-rumbu, suka ba ni wakensu na gwada da toka, da rairayi, da buhu mai ruɓi uku. Wata mujalla mai daraja ta karɓi aikin, gyara kaɗan ya rage. Ana cikin haka sai Dakta Mika'ilu ya sanar cewa za ka yi ritaya a Disamba, kuma sashe zai haɗa littafin karramawa, kowane malami ya kawo babi. Ya ƙara da cewa a nan za a gane masu biyayya. Na janye aikina daga mujalla na ba shi, ya zama babi na goma sha ɗaya. Ba tsoro kaɗai ba ne, ranka ya daɗe. Kai ka fara goya ni a Besfa zuwa gonar gwaji, kuma wallahi ina son sunana ya zauna kusa da naka.

2. Da yake a ƙauye nake zaune kuma ina da harawa, kwamitin biki ya damƙa mini ragon walimar ƙaddamarwa in yi kiwonsa. An ce na 'yan watanni ne.

3. Disamba ta zo, aka ba ka kwantiragin shekara biyu. Muka yi murna. Ya ƙare a 2023, aka sabunta, saboda waɗanda za su gaje ka duk sun tsallaka ƙasashen waje. Nan ma muka yi murna, amma ba ta kai ta farko ba. Dakta Mika'ilu ya ce littafin bankwana ba ya fita mai shi na zaune a ofis, ga shi an riga an buga bango da hotonka kana ɗaga hannu. Da na nemi a ba ni babina in mayar mujalla, ya ce cire shi zai rikita lambobin shafi tun daga tsakiya har ƙarshe, kuma za a ji a gari cewa Iliyasu ya janye daga karrama malaminsa.

4. A ƙa'idar ƙarin girma, wadda kai da kanka ka sa wa hannu, maƙala a mujalla maki uku ce, babi a littafin haɗaka maki ɗaya, abin da bai fito ba kuwa babu ko ɗaya. Ke nan na bar uku na kama ɗaya, ɗayan ma yana jiran ka tashi. Sau biyu kwamitinka yana dawo mini da fayil, da jan bironka a sama, wai malam ya ƙara himma wajen wallafa bincike. Ranka ya daɗe, himmar tana cikin durowar Dakta Mika'ilu, ƙarƙashin hotonka.

5. A bara wani bawan Allah a wata ƙasa ya wallafa kusan irin sakamakona a mujalla. Ɗalibata Falmata ta kawo shi cikin aikinta, har tana ba ni shawara in karanta, wai zan ƙaru. Na ce mata madalla, na fita na zagaya bayan sashe na tsaya ni kaɗai. Su kuwa manoman da suka ba ni wakensu sun daina tambayata littafi, sai dai in na wuce a kasuwa su tambayi lafiyar rago.

6. Wannan sakin layi ina rubuta shi da nauyin baki. Dakta Mika'ilu ya taɓa cewa, cikin raha, littafin zai iya fita a matsayin na tunawa idan, Allah ya kiyaye, ta Allah ta kasance. Na yi kuskuren faɗa wa mai ɗakina Huseina, ita kuma ta kai wa mahaifiyata, Inna Hure. Tun daga ranar, Inna da ba ta taɓa ganinka ba, duk Juma'a sai ta tambaye ni yaya hawan jinin Farfesa. In na ce da sauƙi, sai ta ce to, kawai. Na yi mata nasiha iyakar yadda ɗa zai yi wa uwa. Ina so a rubuta a fayil cewa ni ba na cikin wannan.

7. Batun rago. Ya ci harawata duk tsawon yajin aiki, lokacin da mu kanmu sai an yi dabara ake ɗora tukunya. Da aka cire tallafin mai na jingine babur na koma keke, shi kuwa bai rage ko loma ba. Ya tunkuyi surukina, ya cinye shanyar kuɓewar maƙwabta, yara sun sa masa suna Ritaya. Babbar Sallah huɗu ta same shi a gidana. Bana ban samu ikon layya ba, 'ya'yana suna kallon rago kamar ɗan maraƙi a tsakar gida, ni ina ce musu amana ce. Mutanen unguwa sun yanke cewa rowa ce. Wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Saboda haka, ganin kwamitinka zai zauna ranar 30 ga wannan wata, kuma in ya wuce ni sai baɗi, ina roƙon ɗaya daga cikin waɗannan:

(a) A sako mini babina, tare da takarda daga hannunka cewa da izininka na janye, don kada a ce na yi butulci.

(b) Ko a canja bango, a cire kalmar bankwana, a buga littafin kana kan kujerarka. Hoton ɗaga hannun zai iya zama na sannu da zuwa.

(c) Na uku kuwa bai kamata ya fito daga bakin ɗalibi ba. Na san halin da 'yan fansho ke ciki, ni ma da ni ne da na riƙe kujerar da hannu biyu. Na dai ambata ne don lissafi ya cika.

Kowanne aka zaɓa, don girman Allah a aiko a ɗauki ragon. Haƙoransa sun fara zuba, likitan dabbobi ya ce da wuya ya ga wata damina. An kawo shi ne don ya raka ka hutu, ga shi yana shirin riga ka, kuma shi ba mai sabunta masa kwantiragi.

Ina neman afuwa idan harshe ya zarce. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, kuma wannan addu'a tawa ce, daga zuciya. Inna Hure ma da ta ji ina rubuto maka ta ce lallai in gaishe ka, in kuma tambayi jiki.

Naka mai biyayya har yanzu,

(sa hannu)
Iliyasu Nababa Makoda,
Marubucin Babi Na Goma Sha Ɗaya.