Kwalbar da Baba Mai Sito Ya Cika

Anti, ki agaza mini kafin in faɗi abin da zai sa a kore ni daga karatu.

Ina digiri na uku. Wata takwas ina kiwon ƙwayoyin halittar zuciyar ɓera a faranti, ina zuba musu EGTA, wani farin gari mai kame sinadarin kalsiyam, don in ga yadda bugunsu zai sauya. Sakamako ya yi kyau har Farfesa mai duba aikina, wanda rabonsa da safar hannu tun ina firamare, ya kai shi taro ya ce "bincikena".

Makon jiya Baba mai sito na ɗakin gwajinmu ya gaya mini, da alfahari, cewa tuntuni garin ya ƙare, shi ne ya cika kwalbar da wani mai araha, don kada ni da yake kira 'yarsa in tsaya. Wai duk fari ne, duk kalsiyam suke kamawa. Gaskiya ne. Sai dai nasa har magnesiyam yake kwashewa, ke nan ban san abin da na auna ba.

Na sami Farfesa a ofis yana goge allon yabonsa. Ya ce ƙwayoyin ba za su kai ƙara ba, in rubuta kawai, wata shida ya rage mini. Na ja masa ƙofa a hankali na fito. In rubuta, ko in fasa?

Mai Farar Riga

Amsa:

Ƙanwata, Farfesanki ba ya buƙatar raini daga gare ni, naki ya ishe shi. Baba kuwa kuskuren kirki ya yi, kuma shi kaɗai ya faɗi gaskiya ba a tambaye shi ba.

Amma ke fa? Wata takwas kina ɗiba daga kwalbar da ba ta raguwa, ba ki taɓa mamaki ba, saboda sakamakon ya yi miki daɗi.

Kada ki rubuta. Ranar da wani ya maimaita gwajin ya gaza, "bincikena" zai koma "aikin ɗalibata". Ki samo sabuwar kwalba a rufe, ki buɗe da hannunki, ki gwada garin biyu gefe da gefe. Ki sanar da Farfesa a rubuce, da kwanan wata, ki ajiye kwafi. Idan ya cije, ki nemi ƙarin lokaci wurin shugaban sashe, ba tare da kin jefa Baba a wuta ba.

Wataƙila ki makara da shekara guda. Allah ya ba ki digirin da ba za ki ji tsoron a buɗe ba.